Takin Lemo a Ruwan Teku

Kafin azahar ranar Laraba murjanin da ke cikin tankin gilashin ya yi fari fat. Malam Sabitu, tsohon malamin gona, shi ya zuba takin da hannunsa.

Tankin na 'yarsa Fatimatuzzahra ne. Daga Legas ta sayo gishirin teku da kifaye da murjani mai rai, ta yi shekaru tana renonsu a falonta a Gwallameji. Da tafiya kwas ta taso mata, yayyenta suka ce Baba ya fara rikicewa, a mai da shi gidan babbansu Mansir a riƙa sa masa ido. Ita kaɗai ta ce garau yake, ta damƙa masa makullin gidanta.

Abinci kawai ta ce ya riƙa ba kifayen. Sai ciyawar tekun da ke cikin tankin ta fara ɗashewa, shi kuwa bai taɓa ganin ganye ya yi rawaya ya wuce ba. Ya ɗauko takin ruwa mai sinadarin ƙarfe da yake ba lemonsa a gonarsa ta Inkil, ya auna murfi guda ya zuba.

Da murjanin ya yi fari, ya kira Istifanus, abokinsa tun suna aikin gwamnati. Istifanus ya karanta jikin robar takin, ya duba waya.

"Da tagulla a ciki, Sabitu. Lemo na sonta, murjani kuwa guba ce gare shi. Wai ma dabba ce, ba shuka ba." Ya cire tabarau. "Ka yi wa teku taki. Saura ka kawo garma."

"Ɗauki bokiti, tsoho, ka rage surutu."

Suka yi ta kwashe ruwa suna haɗa sabo har gishirin ya ƙare. Istifanus ya ce ko a gwada na miya.

"Gwaninta ɗaya ta ishe ni," in ji Sabitu.

Ya zauna a ƙasa, ya jingina da kujera, bayansa na ciwo. Kifayen na yawonsu. Ciyawar ta yi kore shar.

Wayarsa ta yi ƙara, kiran bidiyo. Fuskar Fatimatuzzahra ta cika gilashin wayar.

"Baba, sannu da gida. Yanzu na gama da Yaya Mansir, na ce masa ya zo ya ga yadda ka riƙe min gida, ya ji kunya. Juya wayar wajen tankin in gaisa da 'ya'yana."

Istifanus ya ajiye bokitin a hankali. Sabitu ya gyara riƙon wayar, bai juya ta ba tukuna.