Ranar da Waya Ba Ta Zo Ba

"Karanta mini gilashin," in ji tsohon. "Idona ya daina kaiwa."

Isbel Cargill ta dangwarar da kwanon romon kifi a kan kujera har ya fantsalo. Shekara guda da wata biyu ke nan ba ta ce wa Lachie Duthie ko sannu ba, alhali bango ɗaya ya raba ɗakunansu. Tun da ciwon ƙirji ya kayar da shi take kawo masa abinci ta ajiye ta fita, don kada a ce maƙwabcinta ya mutu da yunwa.

Lachie ne ma'aikacin gwamnati mai lura da yanayi a wannan tashar masunta. Kullum yakan duba gilashin awon iska ya buga waya babban birni. In masanan can suka hango guguwa sai su aiko da umarni, shi kuma ya ɗaga baƙar alama a kan dogon itacen bakin gaɓa, jirage su zauna. Ba umarni, ba alama. Haka dokar take.

Ranar da teku ta ci mijinta Wattie da mutum goma sha ɗaya, tun safe awon gilashin ya sauka, shaidar guguwa na tafe. Lachie ya gani, ya zauna jiran waya. Wayar ta iso da la'asar.

Yanzu Isbel ta matsa ta duba gilashin, ba don shi ba.

"Ya sauka. Faɗin yatsa biyu ƙasa da inda ka sa shaida jiya."

"Waya fa?"

"Babu."

"Jiragen sun fita?"

"Suna kwance igiya."

Ya yi tari mai tsawo, ya share baki da gefen bargo. "Je ki ɗaga alamar, 'yar nan."

Sai abin da ta daɗe tana haɗiyewa ya taso mata.

"Yau? Yau ka san hanyar igiya? Ina takardar taka? Ina manyan naka masu farar riga, waɗanda ba su taɓa jin ƙarnin kifi ba? Ai sai ka jira su gama shan shayi!"

"Sau huɗu na ɗaga waccan shekarar da umarninsu," in ji shi, "sau huɗu rana ta fito tarwai. Maza suka zauna, yara ba abinci. Mijinki da bakinsa ya ce in na sake zai rataye ni a wurin alamar. Na ce da kaina, in na fara ɗagawa don ra'ayina kuma na yi kuskure, wa zai ƙara kallon ta?"

"Sai ka bar su suka tafi."

"Na bar su."

Ta so ya yi musu, ta samu abin kamawa. Bai yi ba.

"Ba yafiya nake nema ba," ya ce. "Ƙanenki Dod yana cikin masu fita."

Ta fice ko ƙofa ba ta rufe ba. Ta gangara layin duwatsu, ta ratsa tsakanin gangunan gishiri, ta kama igiyar ɗaga alamar. Gishirin teku ya sa ta yi tauri, ta yanke mata tafin hannu kafin alamar ta kai sama. Sararin sama kuwa fes, ko ɗigon girgije babu.

"Jama'a, gwamnati ta yi sabuwar ma'aikaciya!" wani ya yi ihu daga cikin jirgi. "Nawa ne albashin, gwauruwa?"

Aka kwashe da dariya. Dod ya hauro yana goge hannu a wando.

"Yaya, waya ce ta zo?"

Da ta ce e, da babu wanda zai motsa. Ta san haka. Ta kuma san nan da azahar duk gari zai ji ƙarya ta yi, alamar ta zama tsumma har abada.

"Babu waya," ta ce da ƙarfi don kowa ya ji. "Gilashi ne ya sauka kamar ranar Wattie. Mai son tafiya, ga teku nan, ba na riƙe da ƙafar kowa. Amma kai Dod, ka taka jirgin nan, ka nemi wata yayar."

Jirgi shida suka mayar da igiya, ana ta zagin tsohon da gilashinsa. Uku suka fita. Dod ya yi jifa da hularsa, ya zauna a kan ganga, ya juya mata baya.

Ta hau gida tana tattara sauran maganganun da za ta faɗa wa Lachie, don ba ta gama ba. Ta tarar da shi fuska wajen taga, baki a ɗan buɗe. Ta kira sunansa sau biyu.

"Ka gani?" ta ce. "Ko wannan ma sai da ka bar wa wani."

Ta rufe masa ido da hannun da bai yi jini ba, ta fita bayan gida. Daga nan ana hango jiragen uku, sun ƙanƙance a kan ruwa mai sheƙi. Shanyar da matar limamin coci ta yi tun safe tana rataye shiru, ko iskar da za ta motsa ta babu. Can sai hannun wata farar riga ya ɗaga, ya koma, ya sake ɗagawa.