Zalɓen da Ba Ya Ƙifta Ido

…kuma har yanzu ba su kwance igiyar ba. Tantin gasar hotuna a ɗaure, alƙaliya na ciki tana duba aikin mutane, mu muna waje cikin taɓo kamar tumaki a layin wanka. Haka bikin manoma yake tun ina yarinya: a rufe, a yanke hukunci, sannan a buɗe kowa ya shiga ya ga wanda aka ɗaga da wanda aka kayar. Kai kuwa ga ka can, Arnold, mijina, ka sha kwat ɗin zuwa coci, kyamara na lilo a wuyanka kamar ƙararrawar saniya, sai gaisawa kake da jama'a kamar ango.

Yi murmushinka. Yi da kyau.

Hoton da ka ɗauka na ciki. Farin zalɓe a bakin kyauro, wuya a miƙe, ƙafa ɗaya cikin ruwa. Ni na sa shi a firam. Ni na goge gilashin da gefen rigata. Ni na rubuta sunanka a baya, tunda ka ce hannunka na rawa kwanan nan… hannu. To. Mu bar shi a hannu.

Katako ne, Arnold.

Katako da farin fenti. Clifford Alderson ne ya sassaƙa shi a rumfar bayan gidansa, masu kula da gandun tsuntsaye suka kafa shi a tafki, don na gaskiya su hango daga sama su ce ashe nan ma ana zama, su sauko su yi sheƙa. Duk mai zuwa gandun nan ya sani. 'Yan makaranta sun sani. Agwagi ma sun sani. Kai kaɗai —

Wannan bukkar katakon da ake laɓewa a leƙi tsuntsaye. Tagogi kamar tsagar asusu, benci mai sanyi, warin jiƙaƙƙen kaya. Ba a magana a ciki. Ko tari ne ya taso sai mutum ya cusa baki a hannun riga. Duk Lahadi bayan coci, ni da fulas ɗin shayi da burodi da cuku, kai da wannan dogon bututun gilashin kyamara da ka ɗora wa rai tun da ka ajiye tuƙin motar madara. Ka taɓa gwiwata, ka raɗa mini: "Enid. Ga shi can. Fari. Irinsa ba ya zuwa arewa, kin sani? Dubi haƙuri, ko motsi."

Kallo ɗaya na yi. Ni da ba ni da boko, amma nake tsamo gurguwar tunkiya daga cikin garke tana can ƙwanƙolin tudu? Iska na kaɗa kyauro, tana kaɗa ruwa, gashinsa ko gezau. Ido ba ya ƙiftawa. Akwai ma tsagi a wuya inda fenti ya ɗaye.

Na buɗe baki… na rufe.

Doka ce ai. Ba a magana a bukka. Haka na ce wa kaina. A mota fa? A mota ma an hana? A teburin abinci, kana ta ba ni labarin zalɓe ina yanka maka nama?

Su ma mazan da ke gefen bencin, masu manyan maduban hangen nesa, sun dubi juna, sun dubi ƙasa. Mutanenmu ke nan. Ba a gyara wa dattijo zance a gabansa, rashin ladabi ne. Sai a bari ya fita, a yi dariyar a bayansa, cikin ladabi.

'Yan badujala sun soma can wajen filin dawaki. Ruwa na neman dawowa. Ƙafata ta hagu ta jiƙe, takalmin nan ya huje ban sani ba… Igiyar na nan yadda take.

"Enid," in ji Doreen Kearton ɗazu da safe, ita ce mai kula da tantin, ta ja ni bayan teburin kek, "kin ga abin da mutumin naki ya kawo?"

"Na gani."

"Zalɓen Clifford ne fa."

"Na ce na gani."

"Bari in sauke shi. In ce gilashin ne ya fashe a hannuna, ya zage ni ya huce, shi ke nan."

"Bar shi inda yake. Ki ma matso da shi wajen haske."

Ta dube ni kamar na shigo mata ɗaki da kashin shanu. "Allah ya shirye ki," ta ce. Ita. Doreen. Ita da bara ta yi dariya har ta dafa sandar tanti, hawaye na wanke mata hoda.

Bara. Ka tuna bara? Ni na tuna.

Lokacin haihuwar tumaki ne ka ɗauki hoton. Na yi kwanaki ban san gado ba, hannuna cikin tunkiya har gwiwa, sai rana ɗaya da tsakar rana barci ya sace ni a kan damin ciyawa. Baki a buɗe. Haƙoran roba na sama sun zame, sun rataya. Yawu. Kusa da ni tsohuwar tunkiyata, ita ma baki a buɗe, ita ma haƙora sun zube. Ka tsaya. Ba ka lulluɓe ni ba, ba ka tashe ni ba… ka durƙusa ka gyara gilashin kyamara. Ka ɓoye shi wata da watanni, ka kawo shi wannan tantin, ka rubuta a ƙasa: Lokacin duba baki ya yi.

Wa ke nan da bai gane ba? Duk kaka muna buɗe bakin tumaki ɗaya bayan ɗaya. Mai haƙora ta koma tudu. Wadda nata suka zube ta hau motar mahauta. Ni nake dubawa a gidanmu, ni nake cewa wannan ta zauna, wannan ta tafi, tun kafin ka san inda ƙofar garke take.

Jan kati suka ba ka. Na wanda ya zo na ɗaya. Ka ɗaga shi sama kamar ka haifi ɗa namiji.

"Enid, buɗe mu gani! Ko za ki kai baɗi?" A wajen gwanjon raguna. A shagon burodi. A ƙofar coci, Arnold, a ƙofar coci, daga bakin mazan da na ciro wa 'ya'yan tumaki da hannuna lokacin da su suka tsaya suna kallo. Tun daga ranar ban ƙara dariya a gaban mutane ba sai na rufe baki. Ka lura? Ina za ka lura.

"Wasa ne, tsohuwa," ka ce a mota. "Kuma kin yi kyau."

Na yi kyau.

To ga wasa. Ni ma na iya. Nawa ma bai buƙaci kyamara ba, shiru kawai na yi. Shiru, da goge gilashi.

Ba wai ƙarya ce ta dame ni ba. Kowa a filin nan ƙarya yake gyarawa. Da asuba ina can ina tsige wa ragona fararen gashi daga baƙar fuskarsa da matsefata, ɗaya ɗaya, na shafa wa ulunsa ruwan jar ƙasa don ya yi kalar tudu. Maƙwabcina ma haka. Alƙali ya sani, mun san ya sani. Amma mu mun san wace ce ƙaryarmu. Abin kunya shi ne ƙarya ta ci mutum shi kaɗai, a gaban jama'a, yana murmushi.

Akwai sauran lokaci. Bayan tantin akwai inda ba a ɗaure ba, na sani, ta nan ake shigo da kujeru. In sunkuya, in shiga, in zare shi daga ƙusa, in cusa a ƙarƙashin rigar ruwa… alƙaliya baƙuwa ce daga birni, ba za ta ce mini komai ba. Taku kaɗan ne. Gwiwata za ta iya.

Ba na so.

Ina so in ga fuskarka. Abin da nake so ke nan, me zan ɓoye? Ina so kunnuwanka su yi ja irin yadda nawa suka yi. Ina so a tare ka a shagon burodi a ce, Arnold, an kafa sabon turke a bakin hanya, zo da kyamara kafin ya tashi. Ina so ka ji yadda shekara take da tsawo.

Hankakan nan…

Me ya kawo shi yanzu? Lahadi ta nawa ce ma… hankaka ya sauko ya dira a kan zalɓen. A kansa, tsakiyar kai. Ya zauna, ya gyara fiffike, ya yi kashi, farin kashi ya gangaro wuyan katako. Wani a bencin ya shaƙe da dariya. Kai kuma idonka na cikin bututun, ka matse mini gwiwa: "Kin gani? Ya ɗaga kai! Ya ɗaga kai, Enid!"

Na ɗauka wauta ce. Na ji daɗi ma. Na ce ashe abin ya fi yadda nake zato.

Baƙin hankaka a kan farin katako. Da rana. Cikin gilashin da ke jawo tudu ya kawo shi gaban hanci.

A'a. Bari. Ba yanzu ba.

Kai da ka yi rabin rayuwarka kana hawa da motar madara kan tudun nan cikin ƙanƙara, ba ka taɓa gogar katanga ba. Kai da kake nuna mini zomo a gonar wani da magariba, ni ina neman inda yake. Yau da safe ka wuce ƙofar filin, mutumin da ke nuna wajen ajiye motoci yana ta ɗaga hannu cikin rigarsa ruwan ɗorawa, sai da ya yi tsalle gefe. Ka ce rana ce ta haske ka. Wace rana? Tun Laraba ba a ga rana ba.

Shayin da ka zuba a gefen kofi. Jaridar da ka ce ta daina faɗin gaskiya, ka daina saye. Hannu na rawa, Enid, rubuta mini.

Da wannan sabuwar ɗabi'ar… tafiya a bayana kaɗan, yatsu biyu a hannun rigata. Na ce kunya ce. Na ce laifin bara ne ke cinsa, yana lallaɓa ni, bari ya lallaɓa. Ni! Ni da na san tunkiyar da ido ya fara mutuwa tun daga nesa: kai a sama, kunne a gaba, tana manne da ta kusa da ita, tana bin ƙarar ƙafa. Sau nawa na nuna irinta na ce wannan ba za ta kai baɗi ba? A garke na gani. A gidana —

Sun kwance igiyar.

Doreen ta ɗage labulen, ba ta dube ni ba. Jama'a na turawa, lema na karo da lema, warin jiƙaƙƙen ulu da soyayyar albasa. Ga ka, ka iso, yatsu biyu a hannun rigata. "Mu je, tsohuwa. Mu ga ko sun san aiki."

Bayan tantin… an makara. Ni na makara. Ni na so in makara.

Clifford ne a gaba. Dole. Dogon wuyansa, hularsa a hannu. Ya tsaya a gaban firam ɗin, ya sunkuya, ya miƙe. "Kai! Ai wannan nawa ne! Ga ma inda wuƙa ta zame mini!" Wani ya tuntsire. Wani ya kira wani. Tana tafiya cikin tantin kamar wuta a busasshiyar ciyawa, irin dariyar bara ce, sak, na san muryar kowa a ciki.

Ga abin da na shekara ina jira. Ga shi. Ina daɗin?

Hoton ma a dushe yake. Yanzu nake gani, a wajen hasken da na ce a kawo shi. Kyauro a dushe, ruwa a dushe, fari kawai a tsakiya kamar tabon madara. Na bara kuwa… kowane gashi a haɓata, kowane layi a gefen idona, zaren yawun nan har yana ƙyalli. Tsaf. Babu wanda ya taɓa kallona haka, ko ranar aure. Ka daɗe a durƙushe kana gyara gilashi. Shi ne na ƙarshe da ya fito tsaf? Fuskata ce ta ƙarshe da ka… kuma na sa ka kai shi rumfar itace, fuskarsa a bango.

Ban yafe ba. Kada ka ɗauka na yafe.

Kana murmushi. Kanka a sama, kunne a gaba. Kana kallon gefen firam ɗin, ba tsakiyarsa ba, wajen hoton karen wani.

"Sun taru a kansa, ko? Na ji Clifford. Me yake cewa?" Yatsun sun ƙara matsewa. "Enid. Wane kati suka sa? Ja ne?"

Babu kati, Arnold. Ba ja, ba shuɗi. Makullin mota na aljihun kwat ɗinka, ina jin ƙararsa, ga tudu tsakaninmu da gida, ga shi kai ne mai tuƙi, ga ruwa ya sauko. Ni ce mai duba baki. Ni ce mai cewa wannan ya zauna, wannan…

"Enid?"

Doreen na kallona. Clifford ya juyo, dariyar ta tsaya masa a rabin fuska. Duk suna kallona, kamar bara.

Bakina a buɗe yake. Ina ji, a buɗe yake, kamar a hoton… kuma babu abin da ke fitowa.