Malam Birki Ya Sayi Mota Mai Ƙofa Biyu

Duk wanda ya koyi mota a unguwarmu ya san babana, amma ba wanda ke kiran sunansa. Malam Birki ake ce masa. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa kaf a kujerar mai zaman banza cikin motar koyo, irin wadda ake sa wa birki biyu, ɗaya na ɗalibi ɗaya na malami. Kai dai ka ɗan taɓa totur, sai ka ji ƙiiii, goshinka ya kusa gaisawa da sitiyari. Kaza ce can nesa tana kiwonta, birki. Iska ta ɗauko leda, birki. Ƙafar nan tasa ta dama ta saba har abin ya zama jiki. A tasi yana takawa. A falo in ana kallo mota ta zabura a talabijin, sai ka ga yana danne kafet. Umma ta rantse ko a barci ta sha shan shuri.

Ni ce auta, kuma ni ce ɗalibar da ta fi kowa shan wannan birki. Da na ga zan tsufa ban shiga giya ta uku ba, sai na tattara na koma wata makarantar na karɓi lasina a can. Yau ina da gidan burodi, ni nake jan motar rabon kaya kullum, ban taɓa goga wa ko keke ba. Amma Baba bai taɓa yarda ya shiga motar da nake tuƙawa ba. "Wadda ba ta gama a hannuna ba," in ji shi, "ba ta gama ba."

Ana nan sai ga ciwon ido. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ganin yana tafiya a hankali kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Ya ce Baba ya fara sallama da sitiyari. Mun zaci zai dawo gida ya kwanta ya juya mana baya. Ina! Mutumin nan sai ya rufe makaranta, ya sayar da tsofaffin motocin koyon, rannan muna cin abincin rana ya ajiye cokali ya ce ranar Asabar za shi gwanjon motoci. Wai an ba shi labarin wata mai ƙofa biyu, ta masu hannu da shuni, irin wadda in ta wuce sai dai ka ji kukanta.

Umma ta ce, "Malam, lafiyarka kuwa?"

Ya ce, "Garau. Na gaji da hana mutane gudu. Kafin idon nan ya rufe sai na ji abin da nake hana su, da ƙafata."

Wallahi sai da na ƙware da ruwa. Ƙanin Umma, Kawu bakanike, da ya ji labari ko wanke hannu bai yi ba ya taho daga gareji yana tsalle kamar shi za a saya wa.

Ranar Asabar muka ɗunguma mu huɗu a tasi. Umma ta sa kayanta masu kyau, ta riƙo filas ɗin shayi da ɗan matashin da take jingina bayanta. Tana ta mita a hanya cewa wannan haukan tsufa ne, amma da muka sauka ita ce ta sallami mai tasin da cewa kada ya jira, a motarmu za mu koma.

Wurin gwanjon wata katafariyar rumfa ce ta kwano, an jera kujerun roba, an rataya lasifika a jikin ginshiƙi, motoci kuma sahu-sahu kowace an rubuta mata lamba da alli a gilashi. Farare, baƙaƙe, masu ruwan toka, duk sun yi shiru suna jiran mai rabo. Can ƙarshen layi sai ga ta. Ruwan ƙwai ce mai sheƙi, gajera kamar wani ƙato ya zauna a kanta, tayoyinta masu faɗi, salansa huɗu a baya. Baba bai ko kalli sauran ba. Kai tsaye ya nufe ta, ya ɗora tafin hannu a kan bonet, ya bi gefenta yana shafawa har zuwa but. Na ce a raina, oh, soyayya.

Kawu kuwa tuni ya shige ƙarƙashinta, ƙafafunsa kawai ake gani. Da ya fito sai ya hau bayani.

"Malam, silinda takwas! Takwas fa! Inji lafiya lau, ko ɗigon mai babu. Tayoyin baya ne kawai suka ɗan ci, da alama mai ita na da bai san inda birki yake ba."

Baba ya ce, "Ai shi ya sa ta zo hannuna."

Umma ta sunkuya ta leƙa ta taga. Ta daɗe tana leƙe. Ta zagaya ɗaya gefen ta sake leƙawa.

"Wai ina kujerar baya?"

Kawu ya sosa ƙeya. "Yaya, ai irin wannan ba ta da baya. Mutum biyu take ɗauka."

"Mutum biyu? To mu da muka sallami tasi fa? Ni a but za ku sa ni ko a kan rufi?"

Ba wanda ya samu damar amsa mata, don mai gwanjo ya hau teburinsa ya buga guduma. Wani siriri ne mai baki kamar injin ɗinki, magana yake ba numfashi. Aka sayar da motoci da yawa muna zaune muna shan shayin Umma. Da aka turo tamu gaba, rumfar ta ɗauki "kai!" gaba ɗaya. Hannuwa suka tashi ta ko'ina. Farashi ya fara hawa, hannuwa suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya, har ya rage saura Baba da wani dillali mai baƙin tabarau da waya a kowane kunne.

A nan ne na ga abin da ba zan manta ba. Baba ya ɗaga katin lambarsa sama ya ƙi saukewa, ko gajiya hannun bai yi ba. Amma a ƙasa, duk lokacin da mai gwanjo ya ƙara farashi, sai ƙafarsa ta dama ta daki siminti, dim! Hannu na ba da wuta, ƙafa na taka birki. Na toshe baki da mayafi, dariya na neman kashe ni. Umma na mintsinin cinyarsa tana cewa, "Malam, sauke! Sauke hannun nan!" Kawu ya miƙe tsaye kan ƙafafunsa yana ihu, "Kada ka sauke, Malam! Ya fara gumi, wallahi ya fara gumi!"

Dillalin ya juyo ya ƙare wa Baba kallo, tsoho da gilashi mai kauri kamar gindin kwalba. Ya yi magana a waya ɗaya, ya yi a ɗayar, ya girgiza kai, ya zura katinsa a aljihu. Mai gwanjo ya ƙirga, guduma ta sauka, kwam!

Ni dai ban san lokacin da na yi tsalle ba. Kawu ya rungume wani bawan Allah da bai taɓa gani ba. Umma da ke cewa a sauke hannu, ita ce ta juya tana gaya wa matar da ke bayanta, "Maigidana ne. Eh, shi ya saya." Wasu tsofaffin ɗaliban Baba da ke wurin suka gane shi, suka taho suna tafi. "Malam Birki! Malam Birki da wannan? Duniya ta zo ƙarshe!"

Aka gama takardu, aka miƙa masa makulli. Shigarsa ma sai da aka yi dabara, don sai da ya riƙe kafaɗar Kawu ya zauna a hankali kamar mai shiga baho. Ya tayar da ita. Jama'a, kukan da ta yi! Tattabarun da ke cikin rufin kwanon suka watse, ƙirjina ya ɗauki rawa. Mutane suka ja da baya suka buɗe masa hanya. Maigadi ya wangale get.

Baba ya ɗaura bel. Ya gyara madubi. Ya gyara kujera. Ya sake gyara madubi. Muna ta tafi muna jira, mota na gurnani, ba ta motsa ba. Na ce a raina halin nasa ne ya motsa, bari in je in tsokane shi. Na sunkuya a tagarsa ina dariya.

Bai kalle ni ba. Hannuwansa biyu na kan sitiyari, ya ƙura ido gaba. Ya yi ƙasa da murya yadda ni kaɗai zan ji.

"Auta, ƙofar fitar tana hagu ne ko dama?"

Get ɗin na gabansa sak, a wangale, tirela ma za ta wuce.

Nan take na daina dariya. Ashe abin ya yi nisa haka, yana ta ɓoye mana. Tausayinsa ya kama ni. Na ce, "Baba…"

Ya ce, "A duk rumfar nan motar nan kaɗai na iya gani sosai. Da baƙa ce, da na wuce ta."

Inji na ta bugawa. Can sai ya kwance bel, ya gyara murya, ya ɗaga ta yadda kowa zai ji, irin muryar da yake yi wa ɗalibai.

"Ke! Zagayo nan. Kin daɗe kina yawo da lasin wasu. Yau zan gwada ki in ga abin da suka koya miki."

Kawu ya buɗe baki zai yi magana, Umma ta taka masa ƙafa. Ita ta gane. Ta zura matashinta ta taga ta sa wa Baba a bayansa da ya koma ɗaya kujerar, ta ce mu tafi, su za su nemi tasi.

Na shiga kujerar direba, na ɗan taɓa totur kaɗan, motar ta yi wani irin zillo kamar an tsikare ta. Dim! Ƙafar Baba ta daki kafet.

"Birki! Birki!"

"Baba, ko get ba mu kai ba."

Haka muka ratsa gari. Yara na bin mu da ihu, masu babur na ɗaga mana babban yatsa, wani mai shago ya fito da awo a hannu yana kallo. Baba kuwa yana ta dakan kafet, dim, dim, yana neman birkin da babu shi.

"Rage! Akwai kwana a nan!"

"Mun wuce ta."

"To tsaya, danja!"

"A tsaye muke, Baba, tun ɗazu."

Ina dariya ina share hawaye, ban ma san wanne ne ya fi yawa ba. Da muka zo shataletale na sa sigina zan yi hanyar gida, sai ya ji ƙarar ya ce a'a, in miƙe. Tsohon filin jirgi za mu.

Filin nan an daɗe da daina sauka a cikinsa. Kanikawa ke zuwa gwada mota, masu koyo kuma su zo koyon ribas. Rabin rayuwar Baba a nan ya yi ta, yana bin ɗalibai a hankali tsakanin tsofaffin tayoyi. Ranar ba kowa, sai kwalta shimfiɗe har inda ido ya ƙare, da ciyawa a gefe. Na tsaya a farkon titin.

Ya ce, "Akwai mutum?"

"Babu."

"Dabba?"

"Ko tsuntsu."

"Daga nan har tsohuwar hasumiya babu rami ko ɗaya, na san shi kamar tsakar gidana. Bayan hasumiya kwalta ta ƙare, sai shinge. Kina ganin hasumiyar?"

"Ina ganinta, Baba."

"To ni ba na gani."

Sai ya sunkuya da ƙyar ya cire takalminsa na dama. Ya kama ƙafar da hannu biyu ya ɗago ta, ya naɗe ta a kan kujera, ya danne da gwiwar hagu. Ya rungume takalmin a ƙirji.

Ya ce, "Taka."

Na taka.

Wayyo Allah! Kujera ta haɗiye bayana. Motar ta kurma ihu, ni ma na kurma, ciyawar gefe ta zama zane ɗaya kore. Iska ta shigo ta fizge hular Baba ta yi waje da ita. Na saci kallonsa. Bakinsa a buɗe, idanunsa a rufe, yana ƙyaƙyata wata irin dariya da tun da aka haife ni ban taɓa ji ba, dariyar yara.

"Allurar tana ina?"

"Ta wuce rabi!"

"Ƙara! Ƙara, 'yar Malam!"

Na ƙara. Hasumiya ta taso tana girma. Kunnena na jiran kalmar nan da na ji sau dubu, jikina duk ya shirya mata. Shiru. Ƙafarsa na naɗe, hannuwansa na kan takalmi, ya bar mini komai. Na ɗage ƙafa da kaina na taka birki, a hankali, sannan da ƙarfi, motar ta yi ta sauke numfashi har ta tsaya cak, shingen na can gaba da sauran tazara.

Muka zauna muna haki. Inji na ƙas-ƙas yana hucewa. Baba ya cire gilashinsa ya goge fuska da hannun riga, ya daɗe yana gogewa. Ina jiran sakamako kamar ranar farko da na zauna a motar koyo.

Ya mayar da gilashin. Ya lalubo hannuna a kan sitiyari ya dafa.

"Tuƙinki ba laifi," in ji Malam Birki. "Sai dai kin cika saurin taka birki. Juya mu sake."