Bajon Hular Halliru

Harbin farko ya fasa gilashin gaba, motar ta kauce ta daki buhunan albasar da aka jibge bakin hanyar Shinaka. Kafin Mahbuba ta ɗago kai 'yan bindiga sun fincike ƙofa, suna jan mutane waje ta wuyan riga. Direba ya fara roƙo, wani ya sa gindin bindiga ya fashe masa baki.

Suka kwantar da kowa rub-da-ciki cikin rana. Soja suke nema, ko ɗan sa-kai.

Mahbuba ta san abin da ke cikin jakar mijinta. Halliru mai gyaran rediyo ne a kasuwar Goronyo, bai taɓa riƙe bindiga ba. Amma tun yana yaro yake tara bajon hular sojan tankar yaƙi, yana bin tsofaffin sojoji har Wurno da Rabah yana roƙo. Ya san na da, ya san na yanzu, kuma ko liman ne ya kira ɗaya da sunan da ba nasa ba sai ya gyara masa.

Aka zazzage jakar. Gwangwanin madarar da yake tara bajon a ciki ya buɗe, ƙarafan suka watse cikin ƙasa suna walƙiya.

"Jikkar wa ta wagga?" in ji babbansu.

"Tawa ta," Mahbuba ta ce. Ta ce a wurin masu tsintar ƙarfe ta saya, yara ke wasa da su.

Ya kwaɗa mata mari, kunnenta ya toshe. Sannan ya ɗauki bajon da Halliru ya fi so, tsoho mai hoton tanka, ya tsugunna ya ɗora bakin bindiga a ƙeyar mijin nata da ke kwance gefenta.

"Kai, wanga na 'yan sanda na, ko?"

Mahbuba ta ga leɓen mijinta yana motsi. Ta miƙa ƙafa ta danne masa ɗan yatsa iya ƙarfinta.

"Ban san mi na ba," Halliru ya ce cikin ƙasa.

Mutumin ya taka masa kai ya wuce. Wani saurayi da aka ga laya a damtsensa suka ce ɗan sa-kai ne, suka harbe nan take, jininsa ya gangaro har gefen zanenta. Suka tsince ƙarafan kaf, suna dariya suna liƙa wa hulunansu, suka hau babura.

Ranar kasuwa ta gaba wata mai nono ta zo shagon Halliru da labarin wani ƙauye bayan Giyawa. Ta ce wasu da aka ɗauka sojoji ne suka shigo da hantsi a kan babura, 'yan sa-kai suka ga bajo a hulunansu suka ajiye bindigogi suka yi musu maraba. Ba wanda ya tsira cikinsu.

Halliru ya ajiye rediyon da ke hannunsa. A hankali ya tambaye ta wane irin bajo ne.

Mahbuba ba ta jira amsar ba, ta jawo ƙofar shagon.