Gaiwar Rijiyar Meram

A bayan garin Gashuwa, inda fadama ta shimfiɗe har bakin kogi, akwai wani lambu da aka fi saninsa da rijiyarsa fiye da albasarsa. Mai lambun dattijo ne, Ba Ajimi, mutumin Yusufari, wanda ya tashi cikin tudun yashi, bai taɓa riƙe kifi mai rai ba sai da ya yi aure. Matarsa Meram kuwa 'yar masunta ce daga Dagona, ruwa ta sani tun kafin ta san tafiya.

Wata shekara da rani suna haƙar busasshiyar laka don gyaran katangar lambu, sai Meram ta ɗauki wani curi, ta jujjuya shi, ta fasa a hankali. A ciki ga wata 'yar gaiwa a naɗe kamar gammo, ba motsi.

"Kifi a cikin tubali?" in ji Ajimi, yana ja da baya.

"Barci take, Bayashe," in ji Meram, domin da sunan nan take tsokanarsa, wato mutumin yashi. Ta kai ta rijiyar lambun ta saka da hannunta.

Gaiwa dai halitta ce mai ban mamaki. Kifi ce, amma iska take shaƙa kamar ɗan Adam, kuma in ruwa ya janye sai ta shige laka ta jira. A rijiyar nan ta girma har ta kai tsawon hannu. Da Allah ya yi wa Meram rasuwa, tufafinta aka raba, tukwanenta suka fashe ɗaya bayan ɗaya, awakinta aka sayar. Abu mai numfashi guda da hannunta ya ajiye, ya kuma saura, shi ne gaiwar. Ajimi bai taɓa cewa matarsa ce a ciki ba, ya san addininsa. Amma kullum da hantsi yakan zauna a bakin rijiyar, ya jefa fara ko gutsuren tuwo, ya jira ta taso ta shaƙi iska da ɗan sautin nan nata, ɓul, sannan ya ba ta labarin gari: wanda ya haihu, wanda ya mutu, da yadda tsutsa ta shiga tattasai.

Ban-ruwa a lokacin da injin fetur ake yi, ana jan ruwa daga bututun da aka kafa a ƙasa kusa da tsohuwar rijiyar. Injin yana da tari kamar tsohon mashayin taba, yana da hayaƙi, ga ci. Kowane manomi yana tsaye a kansa kamar mai gadin tukunya, da kwamin shuka ya cika sai a kashe, don fetur ba ruwan kogi ba ne. Wani lokaci ma a yi sati ba a samu ba, albasa ta sunkuyar da kai.

Ɗan Ajimi, Ridwanu, mai shagon kayan sola a kasuwar Nguru, shi ya zo wata rana da farantai baƙaƙe masu sheƙi a bayan mota. Ya kafa su a kan ƙarfe, ya juya fuskarsu sama, ya haɗa wayoyi. Ba tari, ba hayaƙi, sai ga ruwa yana ɓulɓulowa daga tiyo.

Ajimi ya zagaya farantan, ya leƙa ƙarƙashinsu. "To ina bakinsa? Ta ina ake ba shi abinci?"

"Ba ya ci, Baba. Rana yake sha."

"In ta faɗi fa?"

"Sai ya kwanta. In ta fito ya tashi da kansa. Ga makunnin nan ta baya, in ruwa ya ishe ku sai ku kashe."

Ajimi bai ko kalli wurin da aka nuna masa ba. "In kashe? Allah ya aiko da rana kyauta, ta zo har lambuna ta ja mini ruwa, in ce mata na ƙoshi? Ai ba a mayar da kyauta, Ridwanu. Ba haka uwarka ta rene ka ba."

Ridwanu ya yi dariya, ya ɗauka raha ce.

Shekarar nan an ga alheri. Albasa ta yi kai kamar dunƙulen hannu, kankana ta cika kwari. Kunnen Ajimi ya huta, har ya soma jin kukan tsuntsayen fadama da injin ya daɗe yana rufewa. A gida ma an sa fitila da fanka, maƙwabta suna kawo wayoyinsu caji. Ruwan da ya yi saura kuwa Ajimi ya haƙa masa hanya zuwa wani kwari a bayan shinge, makiyaya suna kawo shanu suna sha suna sa masa albarka. Maƙwabcinsa Yuguda ya gani ya sayi nasa, na gaba da shi ma haka. Kafin shekara biyu, in ka hau tudu ka dubi fadamar da tsakar rana, sai ka ga kamar an zubar da madubai, har wasu agwagin ruwa sukan sauko su bugi farantan suna zaton tafki ne. Kuma ba mai kashe nasa. Daga fitowar rana har faɗuwarta ƙasa tana ba da ruwa, ba wanda ya tambaye ta ko ta gaji.

Igiyar guga ce ta fara faɗa masa. Ya ƙara mata tsawon gaba guda, bayan wata biyu ya sake ƙarawa. Ruwan tsohuwar rijiyar, wanda ko a shekarun fari bai taɓa ƙafewa ba, ya yi ta sauka kamar mai jin kunya. Da bazara ta matso sai ya rage ɗan kaɗan, bayan gaiwar yana fitowa waje. Wata safiya ya leƙa, ba ruwa, ba gaiwa, sai laka mai sheƙi da ɗan rami kamar an soka yatsa.

Ajimi ya dafa bakin rijiyar. Ya tuna Meram a kwanakinta na ƙarshe, leɓɓanta a bushe, yana ɗiga mata ruwa da cokali. Ya dubi tiyon sola yana ta malala a kwamin albasa. Ga ruwa har ana zubarwa, ga baiwar Allah a ƙarƙashin laka da ƙishi. Ya jawo tiyon ya zura cikin rijiyar.

Kafin azahar ruwa ya taru. Can sai ya ji, ɓul. Ya zauna a ƙasa yana dariya, hawaye na bin gemunsa. "Kin ga? Ba zan bar ki ba."

Amma ƙasan rijiyar ya zama kamar rariya. Da rana ta faɗi famfon ya kwanta, ruwan ya tsiyaye, kafin gari ya waye sai laka da sabon rami. Ya sake zura tiyo. Haka ya yi ta yi, rana ta tashe ta, dare ya binne ta. Ya lura ta daina cin fara, ta rame, fatarta ta yi fari-fari, tasowarta ma da ƙyar. Sai ya yanke shawarar zuwa Nguru ya sa Ridwanu ya kawo batir, don famfon ya yi aiki har da dare. Ya ɗaure tiyon a bakin rijiyar da tsumma, ya hau mota.

Ranar kasuwa ce. A shagon ya tarar da Afra, ƙanwar Meram, wadda take kawo bandar kifi daga Dagona, ta zauna a inuwa tana shan ruwan sanyi daga firjin ɗan yayarta.

"A'a, ga mijina na yashi," in ji ta. "Ka zo sayo mini zane ne, ko har yanzu kishiyata ta cikin rijiya ce ke cinye kuɗin albasar?"

"Ke da bakinki. Kishiyar taki ba ta da lafiya." Ya zauna a benci ya kwashe labarin duka ya faɗa musu, har da ɗan alfahari, yadda kullum yake tashe ta da ruwa.

Afra ta ajiye kofin. Wasan ya bar fuskarta.

"Yaya Ajimi, tun yaushe kake wannan?"

"Tun kafin azumi."

"Kullum?"

"Ko rana ɗaya ban bari ta kwana biyu a bushe ba."

Ta gyara mayafinta. "Gaiwa in ta shiga laka, yauƙin jikinta take fitarwa ta yi wa kanta riga, ta kwanta a ciki har damina. Da naman jikinta take saƙa rigar nan. In ruwa ya taɓa, rigar ta narke, ta ɗauka damina ce ta fito. Sau ɗaya take yi a shekara, Yaya. Kai kullum kana sa ta saƙa sabuwa."

"Ruwa fa na ba ta," in ji shi, muryarsa ta yi ƙasa. "Ruwa kawai."

"Na sani. Da ka bar ta da ƙishinta, da ta kai damina tana barci."

Ridwanu ya miƙe yana laluben makullin mota. "Inna, in muka ɗauko ta muka sa a babban baho fa?"

"Ku je ku gani," in ji Afra, ba ta ɗago ido ba.

A hanya Ridwanu ya ce ruwan ƙasa kamar tulu ɗaya ne kowa ya zura tsinkensa, kuma ya sha gaya wa masu saye su riƙa kashewa. Ajimi yana kallon farantan da ke wucewa a gefen titi, a kan masallatai, a kan rumfunan shayi, duk sun ɗaga fuska suna kallon rana tana sauka. Yana roƙonta a zuci ta ɗan dakata.

Sun iso ana kiran magariba. Tiyon ya daina zuba. Ridwanu ya haska fitilar waya cikin rijiyar. Ruwan ya tsiyaye, kuma yau babu rami. Gaiwar tana kwance a saman laka, kanta kawai ta iya turawa ciki.

"Ɗaura mini igiya."

"Baba, ku bari in sauka."

"Ba ta san ka ba."

Ya sauka yana dafa bangon da shi da Meram suka jera wa duwatsu. Ya durƙusa, ya zaro ta a hankali. Ba nauyi, kamar tsumman da aka matse. Ta buɗe baki sau ɗaya, ya kara kunne yana jiran sautin nan. Bai zo ba. Ya daɗe a durƙushe da ita a cinyarsa, har Ridwanu ya kira shi daga sama, ya ce sallah za ta wuce.

Washegari da sassafe ya binne ta a gindin katangar, wajen da aka haƙo ta. Yana cikin daddale ƙasar da tafin hannu rana ta leƙo ta bayan giginyu. Famfon ya yi ɗan gurnaninsa, tiyon ya motsa kamar maciji, ruwa ya soma zuba cikin rijiyar da ba kowa. Na Yuguda ma ya tashi, da na gaba da shi.

Ajimi ya je bayan farantan yana neman makunnin da aka taɓa nuna masa. Ya shafa nan, ya shafa can, wayoyi ne kawai da akwatin ƙarfe, bai gane komai ba. Sai ya tuɓe babbar rigarsa ya shimfiɗa a kan faranti ɗaya, ya kwance rawaninsa ya rufe na biyu. Ruwan ya rage ƙarfi, ya koma ɗigo, ya tsaya.

Ya koma bakin rijiyar ya zauna da 'yar shara a jikinsa. Ya sa hannu a aljihu, ya ji farar da ya tanada tun jiya, ya bar hannun a ciki.