Shuɗin Hasken da Baffa Sodangi Ya Gani

Shekara talatin mutanen Dandin Mahe na dogara da idon Baffa Sodangi na dama wajen duban jinjirin wata. Na hagun kam yanar ido ta cinye shi tuntuni. In Baffa ya ce ya ga wata, hakimi ba ya neman shaida ta biyu sai don cika ƙa'ida. Ni ɗan ƙanensa ne, malamin kimiyya a wata sakandare a Boɗinga, kuma abin da na yi masa har gobe ban yafe wa kaina ba.

Ranar duban watan azumin bana muna tsaye bayan gonakin albasa, rana ta faɗi ke nan, sai ya dafa kafaɗata.

"Mustapha, ka ga shuɗin hasken can? Ya tashi awa walƙiya."

Ban ga komai ba, kowa ma bai gani ba. Watan kuma wani tela ne ya riga shi gani, mutumin da ko zare sai ya yi fama kafin ya zura a allura. Aka yi ta ƙus-ƙus ana cewa tsufa ya zo. Baffa ya juya ya koma gida.

Washegari matarsa, Inna Maryam, ta ja ni gefe. Ta ce kwana uku ke nan yana ganin walƙiyar nan har cikin ɗaki, in taimaka in kai shi asibiti. Na shiga na tarar da shi ya juya wa bango fuska. Tausayinsa ya kama ni, kuma ga ni da son a ce na sani, sai na ciro waya. Na taɓa karanta labarin wasu fashe-fashe masu shuɗin haske da ke aukuwa can cikin sararin samaniya. Ba kasafai ake ganinsu ba, suna haskawa da sauri su dusashe da sauri, kuma masana har yanzu gardama suke a kan asalinsu. Na nemo labarin a wayar na fassara masa duka, ban da layi biyu na ƙasa, inda aka ce nisansu ya wuce a gan su da ido sai da manyan na'urori, kuma kwanaki suke yi, ba ƙiftawar ido ba.

Nan take Baffa ya tashi zaune. Ranar kasuwar Shagari babu rumfar da bai kai labarin ba. Da Inna Maryam ta sake tayar da maganar asibiti sai ya yi mata dariya.

"Idon da yag ga abin da Turawa ka biɗa da na'ura, shi za a kai ma likita?"

Ta dube ni, na sunkuyar da kai. Na ce a raina bari a sha ruwa tukuna, bayan Salla na lallaɓa shi.

Ran sha takwas ga azumi Baffa ya tashi yana cewa wani baƙin labule ya sauko masa a idon dama. Muka ɗauke shi a mashin zuwa bakin titi, daga nan mota zuwa Sakkwato. Likita ya ce tantanin da ke can cikin idon ne ya ɓare, walƙiyar nan gargaɗi ce, da mun zo a makon farko da akwai abin yi. A gaban Baffa ya faɗa.

Ranar duban watan Salla ya ce a kai shi inda ya saba tsayawa. Na riƙe hannunsa, Inna Maryam na biye da mu da buta. Jama'a na ta nuna yamma, shi kuwa ya juyo da fuskarsa wajena.

"Abin nan da kak karanta min, ana ganinai da ido?"

"Ba a gani, Baffa."

"Yaushe kas san haka?"

Da na so da na yi ƙarya, ba mai kama ni. Amma na gaji.

"Tun ranar."

A hankali ya zare hannunsa daga nawa, ya miƙa shi cikin iska.

"Maryam, zo ki kai ni gida."