Ranar da Baturiya Ta Gaida Yaya Safinatu

Saboda Turanci aka taso ni daga Gumel, ba don komai ba. Ni ce malamar Ingilishi a dangi, to duk maganar da ta shafi Bature sai a ce a nemo Adawiyya. Mannir, ɗan yayata Safinatu, yana Amurka tun daminar bara, cikin 'yan sakandaren da ake kaiwa su yi shekara a gidan mutane. Matar da yake zaune a gidanta, Linda, ita ce ta matsa lallai sai ta ga mahaifiyarsa ta waya, wai ranar iyaye mata ce a can.

Na isa Ɗanzomo, garin da Yaya take aure, bayan la'asar, na tarar tsakar gida ta cika da maƙwabta, kowa na son ganin Baturiya. Yaya kuwa tana gefe tana ɓarar gyaɗar iri kamar ba da ita ake ba. Mannir ɗan farinta ne. Tun da ta haife shi ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, sai dai "yaron nan". Ran da zai tafi ma ɗaki ta shige, na same ta bayan ƙofa ido jawur, ta ce min hayaƙi ne.

Waya ta yi ƙara, na ɗaga. Ga Mannir ya yi ɓul-ɓul, ga Linda ta dafa kafaɗarsa tana ta washe baki.

"La ila! Ƙato da shi take rungumewa?" in ji wata tsohuwa, mata suka kwashe da dariya.

Na juya wayar wajen Yaya. Ta ja mayafi, ta gaida Linda a ladabce, ta tambayi gida da aiki, na fassara. Amma ko sau ɗaya ba ta kalli ɓangaren da ɗanta yake ba.

Linda ta ce in gaya mata Mannir yaron kirki ne, yana wanke kwanuka, shi ne na ɗaya a lissafi. Yaya ta ce, "Madalla." Linda ta ce to me ta fi so game da shi, tana kewarsa kuwa? Na fassara, ni kaina ina jin nauyin tambayar. Yaya ta sunkuyar da kai ta ci gaba da ɓarar gyaɗa.

"Inna, ki ce wani abu mana," in ji Mannir. "Ki kalle ni kawai. Tana jira fa."

Na zungure ta na ce, "Haba Yaya, ko kalma ɗaya." Wallahi ni ma kunyar Baturiyar nake ji. Yaya ta ƙara kau da fuska.

Murmushin Linda ya ɗauke. Ta juya ta tambayi Mannir a hankali, ko mahaifiyar tasa fushi take da shi, ko ya yi mata wani laifi ne. Na buɗe baki zan yi mata bayanin kunyar ɗan fari, sai yaron nan ya riga ni. Da Turancinsa mai santsi ya ce ai wannan ba ita ta haife shi ba, mai riƙonsa ce, mahaifiyarsa ta rasu yana jariri.

Raina ya ɓaci. "Kai Mannir! Don ubanka, da ranta ka kashe ta?"

Ya zaro ido. Ina jin ya manta akwai mai jin Turanci a gidan.

Yaya ta ɗago ta ce, "Me ya ce?"

Kamata ya yi in ja ta ɗaki, ko in yi shiru. Ina! Zuciya ta ɗebe ni, na zazzage mata komai a gaban maƙwabta, ban rage ko kalma ba. Tsohuwar nan mai dariya ta fara salati tana tafa hannu. Sai a lokacin na ga abin da na yi, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Linda tana ta tambaya lafiya, me ya faru. Mannir ya sunkuyar da kai.

Yaya ta ajiye gyaɗar da ke hannunta. Sannan ta ce, "Ki ce mata haka ne."

"Yaya!"

"Wata nawa ya rage masa a hannunta? In ta gane ya yi mata ƙarya, da wane ido za ta kalle shi? A garin mutane yake, ba shi da kowa. Ki ce mata haka ne."

Da Hausa ta faɗa, Mannir kuma yana ji. Ya sa hannu biyu ya rufe fuska.

Na kalli Baturiya, na ce mata haka ne. Idonta ya cika da ƙwalla. Ta dafa ƙirji ta ce in yi wa baiwar Allahn nan godiya, ba kowace mace ce za ta riƙe ɗan wata haka ba.

Na fassara. Yaya ta ce, "Ba komai."